Kaluluwa Biyu da Ƙahon Taubashina

Shekarar da iskar farkon damina ta yaye kwanon ajinmu na yaƙi da jahilci ta jefa shi cikin gonar gero, har muka koma karatu a gindin dogonyaro, a shekarar ne na san namiji ma yana da nonon da zai iya ba shi wahala. Ina da hamsin da 'yan kai a lokacin. Manomin albasa ne ni a Kashin Zama, ƙasar Aliero, kuma bayan la'asar ɗalibi.

A aljihun ƙirji na hagu nake soke fensirina, don mutane su gani. Wanda ya kai hamsin kafin ya riƙe fensir ba ya ɓoye shi. Saboda haka da na fara jin wani ƙullutu mai tauri a bayan kan nonona na hagu, kamar ƙwallon magarya, sai na ɗora wa fensir laifi, na mayar da shi bayan kunne. Ƙullutu bai sami labarin an yi wa fensir canjin mazauni ba, ya ci gaba da girmansa.

Mai ɗakina ce ta ga ɗigon jini a singiletina wajen wanki.

"Malam, wanga jini hwa?"

"Sauro ne."

"Sauro guda, wuri guda, kwana huɗu a jere? Lalle wanga sauro ya san gida."

Ta ci gaba da wankinta. Ta dai daina sa mini yaji a tuwo, ta daina amsa hirata, har sai da na ɗauki hula na bi ta asibiti. Daga ƙaramin asibiti aka tura mu babba a birni. Can wani likita mai sanƙo ya tsira mini allura ya ɗebi ɗan nama, ya ce mu dawo bayan mako biyu. Da muka dawo ya zaunar da ni, ya dubi takarda, ya dube ni.

"Baba, sankarar mama ce."

Na waiwaya in ga ko akwai wata mata a tsaye bayana. Babu kowa sai mai ɗakina, ita kuma ni take kallo.

"Likita, ni hwa namiji ne. Ɗiyana tara."

"Na yarda, Baba. Ba ta cika kama maza ba, amma tana kamawa."

Ya tambayi sana'ata na gaya masa. Sai ya ce, in ruwa ya bar rijiya ya bi magudana, ina yake fara shiga? Na ce fangalin farko, wanda ya fi kusa. Ya ce to jiki ma yana da 'yan magudanai, kuma a kansu akwai 'yan ƙulle-ƙulle masu tare datti, su ne kaluluwa. Na ce na san kaluluwa, wadda ke fito wa mutum a matsematsi in ya yi tuntuɓe yatsa ya yi ruwa. Ya ce ita ce. Akwai irinta da yawa a hammata, wani ma har cikin naman nonon akan samu ɗaya ko biyu. In ciwon zai yi tafiya, nan yake fara yada zango. Don haka kafin ya sa wuƙa yana son a yi mini sikanin, wato hoton na'ura mai leƙa cikin jiki, a duba su. In suna lafiya, aikin ƙarami ne, a cire nono, a taɓa hammata kaɗan. In ciwo ya shiga cikinsu, sai an kwashe na hammata duka, hannun yana iya yin nauyi ko ya riƙa kumbura, sannan a bi ni da wani magani na ƙarin ruwa mai zubar da gashi.

Na dubi hannuna na hagu. Da shi nake tallabe buhu, da shi nake jan tiyon injin ban ruwa.

Ya rubuta takarda ya ce akwai mai yin sikanin da kyau a Jega, wajen Sabon Gari, ba sai na sake doguwar tafiya ba. Aka ba ni rana, kwana shida a gaba.

A hanyar gida ne mai ɗakina ta ce ai ta san wurin, can surukarmu ta yi awon ciki, kuma mai riƙe na'urar mace ce. Daga nan ban sake jin abin da take faɗa ba. Sankara ta fita daga kaina, kunya ta shiga ta zauna. Tun da ƙullutun ya fara zafi ban iya ɗaga hannu sosai in yi wa kaina tsafta ba, hammatata ta zama kurmi. Yaya dattijo, ɗalibi, mai tsayawa a sahun farko, zai ɗaga wa 'yar mutane hannu ta ga wannan?

Na aika wa taubashina. Ɗan ƙanen mahaifiyata ne, wanzami, yana zaune wajen Sarandosa a ƙasar Maiyama. Tun muna yara shi yake cewa ni bawansa ne, ni ina cewa shi ne nawa, har yau ba a raba wannan shari'a ba. Shekara talatin ke nan ba wanda ya taɓa ɗora aska a kaina sai shi. Kashegari da hantsi ya iso a kan babur, zabirarsa rataye a kafaɗa.

"Ina bawan nan nawa da aka ce ya fara nono? In nemo maka miji?"

"Sauko ka yi aikinka, Sarkin aska. Hammata kawai."

Muka shiga zaure. Ya aske kai, ya gyara gemu, ya ɗaga mini hannu a hankali ya share hammata tas. Da ya tsaya nan da ban rubuta wannan labari ba. Sai ya sa yatsa ya latsa gefen ƙirjina, ya girgiza kai irin na masu sani.

"Mi anka ce za a yi maka a Jega?"

"Na'ura za ta leƙa ciki."

"Ta leƙa ta ga mi? Nan duk mataccen jini ne ya taru. Kai da kake da rijiya a lambu, in ruwa ya gurɓace kana hangen ƙasa? Sai an yashe. Bari in yashe maka, na'ura ta gani sarai, likita ta sa maka albarka."

Wallahi maganar ta shige ni. Har yanzu in na juya ta ina jin tana da kai da ƙafa. Na ce amma kada ya taɓa ƙullutun, likita ya hana. Ya ce shi ba yaro ba ne, kewaye shi zai yi kamar yadda ake kewaye gidan tururuwa da garma. Ya fiddo ƙaho uku. Ɗaya a gefen ƙirji, ɗaya a ƙasan hammata, ɗaya a bayan kafaɗa. Ya tsotsa ya liƙe, ya cire ya tsattsaga, ya mayar. Ya nuna mini baƙin jini a ƙwarya yana cewa, "Ka gani? Da wanga za ka tahi gaban mata?" Ya shafe wurin da toka da man shanu, ya ci tuwo malmala uku, ya hau babur.

Kwana biyu wurin ya ɗauki zafi. Kwana uku tsagar ƙasan hammata ta fara ruwa, hannuna ya ƙi sauka ya haɗu da jikina. Ina tafiya kamar kazar da ke jin zafin rana. Mai ɗakina ta ɗaga rigata ta duba, ta sauke.

"Wa yay yi wanga?"

"An yashe ne, don na'ura."

"Allah shi ba mu haƙuri," in ji ta, ta koma wajen dakanta. Ranar turmi ya ji a jikinsa.

Ranar sikanin muka isa Jega da sassafe. Wurin ɗaki biyu ne da baranda, da bencina uku. A kan bencinan nan mata ne zalla, kusan duk da ciki, wasu ya fito har ya yi gaba, wasu sai ka lura. Ni kaɗai ne mai hula. Layin kuwa da zama ake binsa, in ta gaba ta shiga kowa ya matsa. Na so in tsaya can gefe, mai ɗakina ta riƙe mini wuri, amma ma'aikaciyar da ke karɓar takardu ta ce mai takarda shi ke zama. Na zauna tsakanin wata mai cikin da ya kusa faɗuwa da wata Bafulatana mai ƙwarya a cinya. Mai ɗakina ta je can nesa ta zauna a kan dakali kamar ba ta taɓa ganina ba.

Mata suka yi ta satar kallona. Sai wata dattijuwa da ta rako ɗiyarta ta leƙo daga bencin baya.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Wata nawa?"

Baranda ta ɗauka da dariya.

"Inna, ku bar shi, na fari ne, kunya yake ji."

"Ku dubi yadda ya riƙe hannu. Haka nan nawa ya fara."

Na ce musu, "Ku dai yi mini addu'a Allah shi raba lafiya." Suka ce amin da ƙarfi, Bafulatanar har tana share hawaye. Daga nan muka zama 'yan gida ɗaya. Aka miƙo mini gyaɗa.

Sai na lura da wani abu. Ma'aikaciyar tana zagayawa tana ce wa wasu, "Ki sha ruwa sosai, kada ki zaga, sai mara ta cika na'ura ke gani." Kowace ta kama ruwan leda tana tsotsa. Ni ba ta ce mini komai ba, na ɗauka kunyar furfurata ta ji. Na ce a raina, na riga na yashe rijiya, bari in cika sauran sharaɗin. Na sayi leda huɗu na shanye. Dattijuwar nan ta ce in ƙara ɗaya don tabbaci, na ƙara.

Kafin layi ya kawo kaina rana ta ɗaga, ruwa kuma ya sauka inda zai sauka. Na shiga ɗakin ina taka ƙasa a hankali.

Likitar ba ta wuce sa'ar ɗiyata ta fari ba, da tabarau da farin hijabi. Ta gaishe ni da ladabi, ta karanta takarda, ta ce a kira wanda ya rako ni. Mai ɗakina ta shigo ta tsaya jikin bango. Aka ce in tuɓe riga in kwanta, in ɗora hannu a bayan kai. Na ɗaga na hagu da ƙyar, ina jiran ta ga irin tsaftar da aka yi dominta.

Ta daɗe tana kallo.

"Baba, wannan shaidar ƙaho ce?"

"Ita ce. An yashe miki ne."

"An yi mini me?"

Na yi mata bayanin rijiya. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta dubi mai ɗakina, mai ɗakina ta dubi silin.

"Yaushe aka yi?"

"Kwana biyar."

"To. Bari mu fara da dama, in nuna maka mai lafiya tukuna."

Ta matso wani abu mai yauƙi da sanyi a hammatata ta dama, kamar miyar karkashi da ta kwana a randa. Ta ɗauko kan na'urar, wani abu kamar sabulun wanka mai igiya, ta ɗora ta fara gogawa. Ban taɓa sanin ina da cakulkuli ba sai ranar. Shekara hamsin ba wanda ya taɓa ni a wurin sai aska. Na cije leɓe, na karanta abin da zan iya karantawa, a banza. Dariya ta ƙwace mini, gado yana rawa.

"Baba, ka tsaya cik, hoton yana gudu."

"Ai ba ni ba ne, likita."

Kowace dariya kuma sai ta taɓo leda biyar ɗin nan. Da ta ɗan danna na'urar sai na ji in ban tashi yanzu ba za a yi abin da ba a taɓa yi ba a zuriyarmu.

"Likita, don Allah, ruwan da anka ce a sha."

"Wa ya ce ka sha ruwa?"

"Kowa na sha."

"Su mahaifa za a duba musu, Baba. Kai hammata."

Na diro daga gado, na yafa babbar riga a kan yauƙin nan, na fita baranda hannu ɗaya a sama, ɗaya a mara, ina tambayar ina ne bayi. Dattijuwar ta miƙe tsaye.

"Ku ba shi hanya! Naƙuda ta taso!"

Da na dawo, likitar ta juyo mini da allon na'urar. Ni dai toka na gani da gajimare, baƙi da fari suna motsi. Ta tsayar da hoton ta sa yatsa.

"Ka ga wannan? Me ya yi maka kama?"

Na ƙura ido. Wani ɗan abu ne mai tsawo kaɗan, bakinsa baƙi siriri, cikinsa fari.

"Ƙwayar wake."

"Madalla. Kaluluwa mai lafiya ke nan, wake da farin idonsa, ɓawonsa siriri. In ciwo ya shiga, ɓawon ne ke fara kauri, ya yi ta ture farin har ido ya rufe, ta koma dunƙulalliya baƙa. Yanzu mu je hagu."

A hagu ban yi dariya ba, zafi ya hana. Ta nuna mini ƙullutun kansa, baƙi mai gefe kamar an yage shi. Ta matsa sama kaɗan wajen gefen ƙirji, har yanzu cikin naman nonon, ta tsaya. Wani abu ne zagayayye kamar ƙwallon goruba ƙarami, ba fari ko ɗigo a cikinsa. Ta ce kaluluwa ce ita ma. Ta auna shi da wasu 'yan ɗige-ɗige, ta shiga hammata. Can kuwa taro muka tarar. Ta ƙirga biyar, duk sun kumbura, ɓawo ya yi kauri, idon wasu saura ƙiris.

Mai ɗakina ta matso kusa da allon.

"Duk ciwon ne?" in ji mai ɗakina. Ita ce maganarta ta farko.

"Abin da ban sani ba ke nan, Inna. Kaluluwa ba ta da baki. In sankara ta shige ta, kumbura take yi. In miki ya yi ruwa kusa da ita, kumbura take yi. Yau ga sankara ga miki, ƙofa da ƙofa. In na rubuta ciwo ne, a kwashe masa hammata, wataƙila saboda ƙaho. In na rubuta ƙaho ne, wataƙila in bar ciwo ya wuce. Allura ma ba zan bi da ita ta cikin fatar da ke ruwa ba."

Sai a lokacin na tuna abin da na faɗa wa likitan birni da bakina, na yatsa da matsematsi. Na san abin tun ina yaro. Ban dai taɓa haɗa shi da kaina ba.

Ta rubuta maganin miki, ta ce a wanke tokar, a dawo bayan mako uku. Ina ɗaura hula ta ce, "Baba, na ga kana da raha, kuma ina so ka riƙe ta. Amma ciwon nan ba ya zama jiran kowa. Mako ukun nan ba kyauta ba ne. Kada a sake taɓa wurin da komai."

Mako ukun nan mai ɗakina ta zama mai gadin hammata. Kowace safiya bayan na dawo masallaci sai ta ce, "Ɗaga." In ɗaga, ta duba, ta wanke da ruwan ɗumi da gishiri, ta ce, "Sauke." Labari ya riga ya zaga gari, masu magani suka yi ta sallama. Wani ya kawo saiwa, wani ya kawo kitsen damo, wata tsohuwa ta ce a ɗaura ɗanyar albasa da aka gasa a toka, wai tana janye komai. Na ce da albasa na janye ciwo da ba a taɓa yin jana'iza a Aliero ba. Duk wanda ya zo, mai ɗakina ta karɓa ta yi godiya, ta zuba a wani tsohon kwando a bayan rumbu. Ni kuma ina zuwa aji, ina rubuta baƙaƙe da dama, hagu a sagale. In na ce ban ji tsoro ba na yi ƙarya. Sau da yawa ina tsakiyar layi sai in ga ƙwallon gorubar nan a kan takarda.

Taubashina ya zo a mako na biyu. Bai yi kirarin da ya saba ba daga ƙofa. Mai ɗakina ta kawo masa ruwa ta ajiye da nisa, yadda sai ya miƙe ya ɗauka.

"An ce na ɓata hoto."

"An ce ka tara jama'a a hammatata, an rasa ɓarawo a cikinsu."

"Shekara talatin ina ƙaho, ba wanda ya taɓa kawo ƙara."

"Shekara talatin ba wanda ya taɓa leƙawa ciki bayan ka gama," in ji mai ɗakina daga tsakar gida.

Ya yi ta juya moɗa. Can ya ce ranar komawa shi zai kai ni a babur, yana son ya ga wannan na'ura da idonsa.

Haka aka yi. Mai ɗakina ta bi mota, mu muka bi babur, yana kauce wa kowane rami kamar ya ɗauko ƙwai. A baranda muka tarar da sabbin mata, amma ma'aikaciyar ta gane ni, ta ce da ƙarfi, "Baba, yau ban da ruwa." Taubashina ya zauna kusa da ni da zabirarsa a cinya, don ba ya rabuwa da ita. Wata ta dube mu ta ce wa ta kusa da ita, "Wannan har da ungozomarsa ya zo."

Da muka shiga na ce, "Likita, ga mai yashe rijiya."

Ta gaishe shi har da russunawa, ta jawo masa kujera gaban allo. Ta nuna masa wake a dama kamar yadda ta nuna mini. Sannan ta koma hagu, inda miki ya riga ya bushe. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya saɓe, ido ya buɗe fari tas. Na biyu haka. Na uku, na huɗu.

"Waɗannan huɗun naka ne, Baba wanzami. Sun koma gida."

"Alhamdu lillahi," in ji shi, har yana gyara zama.

Na biyar yana nan yadda yake, dunƙulalle, baƙi. Ta gangaro cikin nonon, wancan mai kama da ƙwallon goruba ma yana nan, ta auna ta ce ya ɗan ƙaru.

"Waɗannan biyun ba naka ba ne."

Likitan birni ya riga ya rubuta cewa in an ga abin shakka a ɗebo. Ta kashe wurin da allura, ta ɗauko wata siririya, hannu ɗaya riƙe da na'ura, ɗaya da allura, idonta a kan allo ba a kaina ba. Na ga allurar ta shigo hoton kamar farin zare, tana tafiya a hankali cikin toka har ta shiga tsakiyar baƙin nan. Haka ta yi wa na biyun ma. Taubashina, mutumin da ya yi wa rabin yaran Maiyama kaciya, ya kama bayan kujera ya ce a ba shi ruwa.

Da ya farfaɗo sosai ya yi tambayar da na san ita ta kawo shi.

"Likita, tsakaninki da Allah. Ƙahona ne ya kora ciwon can?"

"A'a. Na cikin nonon tun ranar farko na gan shi haka, kuma ba a kwana biyar yake zama haka ba. Ƙahonka bai kai shi ba. Mako uku dai ya ci mana."

Ya sunkuyar da kai. A hanyar dawowa, da muka wuce gada, sai ya ce, "Amma ka ga yadda ta riƙe allurar nan? Hannun wanzamai gare ta."

Sakamako ya fito bayan kwana goma, duka biyun ciwo ya shiga. Likita mai sanƙo ya ce to babban aikin za a yi. Aka yi mini tiyata ana gab da dashen albasa, aka cire nonon, aka kwashe hammata. Bayan miki ya warke aka shiga ƙarin ruwa, sau shida, kowane da kwanakin amansa. Gashi ya zube har gira. Taubashina bai fasa zuwa duk mako biyu ba. Ya kan zaunar da ni a zaure, ya buɗe zabira, ya wasa aska, ya dubi kaina ta gaba ya duba ta baya, ya ce, "Bawana, an riga ni," ya mayar da aska ya ci tuwo. An gaya masa, an kuma gaya mini, hannun hagu har abada ba tsaga, ba ƙaho, ko allurar asibiti sai dai a dama.

Yanzu duk wata shida nakan koma Jega in ɗaga hannu, ta duba abin da ya rage da ɗaya gefen. Zuwa yau wake take gani. Ba ta taɓa ce mini an gama ba, ni ma ban tambaya ba.

Abin da ya tafi, ga shi. Nono ɗaya. Kaluluwa goma sha uku, biyu masu ciwo, sha ɗaya tsautsayin maƙwabtaka. Mako uku. Noman albasa na rani guda, rabin fangalina ƙanena ya dasa, rabi ya kwana a bushe. Zangon karatu ɗaya. Gashin kai da gira na wata bakwai. Jin taɓi a bayan damtsena na hagu, wannan bai dawo ba. Da ɗaukar buhu a wannan kafaɗar.